Wayar da Desley Ta Ɗaura

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don Desley ba ta son a riƙa ambatonta. Ita ce daga baya ta ce in rubuta, muddin ba zan ƙara gishiri ba.

Shekara shida kawunta Merv ya yi yana harhaɗa ƙaramin jirginsa na sama a rumfar da ake yi wa tumaki aski, Desley tana taya shi. Jirgin kujera biyu gare shi, a matse, in sun zauna kafaɗa na gugar kafaɗa. A gaban matuƙi akwai wani maɓalli mai jan murfi. In inji ya mutu a sama, shi ake dannawa, sai kunnuwan farfela su juya su ba iska kaifinsu kamar wuƙa. In ba a danna ba, iska ta dinga juya farfelar a banza ke nan, jirgin yana jan nauyi kamar an ɗaura masa faifai a hanci.

Masu haɗa jirgi a gida da siririyar wayar tagulla suke ɗaure murfin, wadda babban yatsa zai tsinka, don kada ya buɗe bisa kuskure. Ranar da Merv ya ce ta ɗaure, tagullar ta ƙare. Sai ta ɗauki wayar ƙarfen da suke kulle notuna da ita, ta murɗa tam. Ta yi niyyar faɗa masa. Amma Merv in ya fara magana ba ya barin ƙofa, ita kuma ba ta iya katse mutum ba. Haka aka ci wata uku.

Da hantsi ne, suna dawowa daga duba rijiyoyin tumaki a yamma da garin Quilpie, injin ya yi tari biyu ya ɗauke. Merv ya gwada tayar da shi, ya ƙi. Farfela kuwa tana ta juyi, hancin jirgi yana neman ƙasa. Ƙarƙashinsu itatuwan mulga ne cunkus, filin saukarsu can gaba, ɗan jan layi.

"Kwantar da hankalinki, 'yar nan," in ji Merv. "Ai saboda irin wannan ranar na sayar da babur ɗina na sayi farfelar nan."

Ya sa yatsa ya tura murfin. Ko motsi. Ya sake turawa har farcensa ya tsage.

"Kai! Wace irin tagulla ce wannan, ta ci abinci ta fi ni?"

Gilashin rufi na taɓa wa Desley gashi, ɗamarar kujera ta danne ƙirjinta, babu inda za ta kai idonta sai kan allurar da ke nuna tsawo, tana sauka. Ƙafa dubu biyu da ɗari biyar. Dubu biyu da ɗari uku.

"Kawu," ta ce.

"Bari, ina tunani."

"Kawu, ba tagulla ba ce."

Ya juyo. Hancinsa ya kusa taɓa nata.

"Ta ƙarfe na sa. Waccan ta ƙare."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina."

"Kuma kullum muna cin abinci tare? Bakin naki na shan shayi ne kawai?" Ya haɗiye sauran. "Filaya. Tana ɗamarar wandona, ta gefenki."

Filayar gyaran shinge ce, kullum tana ƙugunsa, amma yau ƙugun ya danne ta a tsakaninsu. Hannunsa ɗaya na kan sandar tuƙi, ba halin saki. Desley ta cusa hannu, ya maƙale.

"Ɗaga, Kawu."

"In ɗaga zuwa ina? Rufin nan ni na auna shi, lokacin ina da siriri."

"To ja cikinka!"

Bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ya ja numfashi ya riƙe, ta fizgo filayar, fatar bayan hannunta ta saluɓe. Wayar ta lafe jikin murfin, sai a kamu na uku bakin filaya ya same ta. Ƙyas. Ta buɗe murfin ta danna maɓallin da kanta.

Farfelar ba ta yi sauri ba. A hankali kunnuwan suka juya, juyin ya ragu, ya tsaya cik. Jijjigar ta ɗauke. Desley ta ji jirgin ya saki jiki, kamar doki da aka cire wa kaya, sai shuuu na iska kawai.

Duk da haka ba su kai filin ba. Tsawon da suka zubar ya riga ya tafi. Merv ya karkata zuwa wata busasshiyar fadama da ke gabanin shinge, tayoyi suka shafi kan itacen ƙarshe, suka dira da ƙarfi, ƙafar jirgin ta hagu ta lanƙwashe, jirgin ya yi rabin juyi cikin jar ƙura ya tsaya.

Suka taka kilomita huɗu zuwa gida. A bakin ƙofa Merv ya tsaya.

"Ni ma wata uku ina kallon wayar nan ban lura ba," ya ce. "Je ki wanke hannun."

Washegari da sassafe Desley ta yanke igiyar wata tsohuwar fitila, ta zare silin tagulla ɗaya. Ta shiga kicin inda Merv ke soya ƙwai yana ba rediyo amsa. Ta kashe rediyon.

"Kawu, ajiye cokalin. Zo mu je jirgin, in ɗaura, kai kuma ka tsinka a gabana."