Hannun Temirlan Ya Ƙi Bugu

Tun ranar da faifan da ya buga a wasan hoki na kan ƙanƙara ya sami Madi a maƙogwaro, Temirlan bai sake bugu da ƙarfinsa ba. Madi ɗan baya ne na ƙungiyar Karaganda, ya zube kan ƙanƙara don ya tare bugun, aka fita da shi a kan gadon ɗaukar majinyata, ƙafarsa ɗaya tana karkarwa. Har yanzu yana asibiti a nan garin Oskemen na ƙasar Kazakhstan.

Wasannin fitar da gwani ake yi, kuma 'yan gaban ƙungiyar Temirlan sun kasa cin ko ɗaya tun daga lokacin. Yau wanda ya sha kashi ya tafi gida.

"Hannunka ya shanye ne?" in ji koci Gennadi Petrovich a ɗakin canza kaya. "Kakata ma ta fi ka bugu, kuma ta rasu."

Aka yi dariyar yaƙe. Temirlan bai ɗago ba.

Ana kunnen doki, wasa ya kusa ƙarewa, Almas, abokin wasansa a layin gaba, ya turo masa faifai. Raga a buɗe. Ya ɗaga sanda, sai wani ɗan baya ya zube a gabansa, wuyansa a fili tsakanin hular kwano da riga. Temirlan ya tsaya cak, sanda a sama.

"Buga mana, ɗan banza!" Almas ya kwarara ihu.

Bai buga ba. Aka ƙwace faifan a ƙasan sandarsa, kafin ya juya an zura musu.

Da la'asar ya fito ta ƙofar baya don gudun 'yan kallo. Wani dattijo mai faffaɗar kafaɗa yana jingine da tsohuwar mota, ya kafe shi da ido.

"Kai ne Temirlan? Ni ne uban Madi. Shiga."

Temirlan ya duba hagu da dama, babu kowa.

"Aga, wallahi ban yi da gangan ba," in ji shi, da kalmar da suke girmama babba da ita.

"Na ce ka shiga."

Ya shiga. Dattijon ya ja mota, manyan hannayensa riƙe da sitiyari. Da suka hau gadar kogin Irtish, Temirlan ya lallaɓa ya kama marfin ƙofa. Sai da ya hango ginin asibiti ya saki numfashi, nan take kuma wani tsoron ya taso: ko gawa za a nuna masa?

Madi yana kwance, an sa masa bututu a wuya, idonsa biyu.

"Likita ta ce zai tashi, muryar ce ba a sani ba," in ji uban. "Uwarsa ba ta son ganinka. Shi Madi ne ya nace da alamar hannu sai an kawo ka."

Madi ya nuna kujera. Temirlan ya zauna a bakinta, ya kasa kallon wuyan. Uban ya tsiyaya shayi daga fulas ya miƙa masa, rabi ya zube a wandonsa kafin ya kai baki.