Ƙafar Gajere

Likitan dabbobi bai ɓoye mata komai ba. Ya ɗaga ƙafar Gajere a kan teburin ƙarfe, ya nuna mata gyambon.

"Malama, ƙaiƙayin fatar mun san maganinsa. Amma lasar nan ta zame masa jiki, ko ba ƙaiƙayi sai ya lasa. In ciwon ya kai ƙashi, sai dai mu yanke ƙafar."

Gajere karen mahaifinta ne. Tun da Baba ya makance shekara uku da suka wuce, da karen nan yake yini idan ta tafi makarantar da take koyarwa, shi ke yi masa jagora har bakin titi. In aka yanke ƙafar, ta san tsohon ba zai ƙara fita ba.

Ta bi dokar likita sau da ƙafa. Abinci iri ɗaya tak har sati takwas, ko ƙashi ba a ƙara masa. Wanka da sabulun asibiti sau biyu a sati, ƙwaya kowace safiya. Ga wata roba mai kama da mazurari da aka ɗaura masa a wuya don kada bakinsa ya kai ga ƙafar. Jan ƙaiƙayin da ke fatar cikinsa ya ɓace, gashi ya soma tsirowa. Gyambon kuwa, kullum ta dawo sai ta tarar da shi jiƙe sharkaf, ya ƙara faɗi, har ya fara wari, alhali robar na wuyansa daram. Abin ya kai tana jin tsoron sa makulli a ƙofar gidansu.

Ranar Laraba aka tashi yara da wuri, ta dawo da rana tsaka. Tun daga ƙofa ta jiyo lak, lak, lak. Ta leƙa a hankali. Baba na kan kujerarsa, robar a cinyarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran agogo, kwance igiya uku ai wasa ne a wurinsa. Gajere na ƙasa yana ta lasa. Baba ya karkata kai yana saurare, sannan ya miƙa hannu ya shafa kan karen.

"Yauwa mutumina, kana nan."

"Baba!"

Ya zabura, robar ta faɗi.

"Kullum haka kuke yi? Kuna cirewa, in na kusa dawowa ku mayar?"

"Yana takura masa ne, uwata."

"Baba, ƙafar fa za a yanke! Duk lasar da ya yi kuka shafa shi, kun koya masa ya ƙara."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajenta.

"In kika ja ƙofar nan, gidan kan yi tsit. Da robar a wuya ba ya motsi, kwanciya kawai yake. Sai in rasa ko yana nan, ko ya mutu, ko ni kaɗai ne. In ya daina lasar, da me zan san yana nan?"

Tausayi ya kama ta. Ta jawo akwatin kayan aikinsa ta ɗora masa a cinya. Da lalube ya kwance 'yar ƙararrawar wani tsohon agogon tebur, ya rataya mata ƙusa a ciki, suka ɗaura wa Gajere a wuya, suka mayar da robar. Karen ya girgiza kai, ƙararrawar ta yi ƙara. Baba ya yi murmushi, amma bai daɗe ba.

"In ya yi barci fa?"

Ta ja tabarmar karen har ta taɓa ƙafar Baba.

Washegari ta kulle ƙofa, ta kasa tafiya. Ta kara kunne a jikin katakon. Babu lasa, babu ƙararrawa. Can ta ji muryar Baba ƙasa-ƙasa.

"Gajere? Kana nan?"