Farantin da Ba Ya Ganin Wata

A kan rufin gidan Alhaji Sikiru, a Fagge, akwai wani ƙaton farantin satalayit da ya daina aiki tun zamanin talabijin mai ƙeya. Matarsa, Hajiya Fausat, a ciki take shanya barkono. Masu narka alminiyon su ƙera tukwane har sun zo sun taya.

Mutum ɗaya abin ya dama, maƙwabcinsa Malam Waliu, wanda ya shekara talatin yana koyar da kimiyya, ba a taɓa jin ta kama wani ɗalibi ba. Ya roƙa a bar masa farantin ya mai da shi na'urar sauraron sararin samaniya.

"Ta sama dai?" in ji Alhaji. "Na ba ka zuwa ƙarshen Sha'aban. In ya yi amfani, ya zauna."

Waliu bai tambayi wane amfani ba. Ya ɗauko Sylvester, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, suka yi sati uku suna haɗa wayoyi.

Ran ashirin da tara ga wata, bayan la'asar, Alhaji ya hau rufin da dattawan layi, kowa ya gyara hula. A fuskar kwamfuta wani zane ya miƙe, ya yi ɗan tudu a tsakiya.

"Wannan tudun," in ji Waliu, "saƙon iskar da ke tsakanin taurari ne. Ya yi dubban shekaru a hanya kafin ya faɗo Fagge."

"Sannunsa da hanya," in ji Alhaji. "Gobe azumi ko ba azumi?"

Sylvester ya taka ƙafar Waliu, ya raɗa masa: "Malam, ka ce azumi. Ko gobe ne ko jibi. In ka dace, faranti ya tsira."

Waliu ya dubi tudun, ya dubi dattawan.

"Alhaji, ba ya ganin wata. Ba gani yake ba, sauraro yake. A China akwai mai faɗin mita ɗari biyar, a Afirka ta Kudu kuma sun jera su da yawa, suna ƙara gina wasu."

"Su suna ganin watan?"

"Ba aikinsu ba ne."

"To asararsu ta fi tawa," in ji Alhaji. Dattawa suka yi dariya, suka sauka haramar magariba.

Sylvester ya fara naɗe wayoyinsa. "Ni Kirista na san amsar, kai mai azumin ka kasa."

Ran uku ga azumi masu tukwane suka zo da guduma. A duk layin, Hajiya Fausat ce kaɗai ta taya Waliu baƙin ciki, ita ma don ta rasa wurin shanya barkono.