Shari'ar Ramin Gidan Alhaji Barau

Ranar Talata matata Uwani ta faɗa ramin salga da mai gidan hayarmu, Alhaji Barau, ya haƙa a tsakar gida ya bari a buɗe. Ranar Juma'a muka kai ta makwancinta. Shekara guda ke nan. Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan kujera, na yi mafarki an kira shari'ar.

A tashar mota kotun take. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, saboda haka kowa ya kifar da laimarsa ya tsaya a ciki. Alƙalin wani bunsuru ne mai tabarau, yana tauna takardun ƙarar shafi bayan shafi. Ban yarda da shi ba. Duk karance-karancena ban taɓa jin alƙalin da ya kai shafi na biyu ba.

"Malam Isuhu, wa kake ƙara?" in ji shi.

"Alhaji Barau, Allah ya gafarta malam."

Alhaji ya miƙe. Babbar rigarsa duk aljihu ce, kowane aljihu da lauya a ciki. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Rami ne a fili, ko makaho ya san da zamansa. Abin da ido ya gani, alhakinsa na kan ƙafa."

Na ce, "Me ya hana ku rufe shi?"

"Haba Malam. Da mun rufe ai da ba a gan shi ba. Sannan ne Alhaji zai yi laifi."

Wasu awaki da ke rubutu a gaban alƙali suka gyaɗa kai lokaci guda. Na lura dukansu hula irin ta Alhaji ce a kansu.

Sai ga mu a tsakar gida. Aka kira ramin ya ba da shaida. Ya zo da kansa, ya zauna a benci, ya gaishe ni gaisuwar wanda ya san sirrinka.

Bunsuru ya ce, "Wata nawa ka yi a buɗe?"

"Bakwai. Amma ba tsirara nake ba, maƙwabta sun gitta mini katako. A kansa marigayiya ke bi kullum zuwa igiyar shanya, baho a gabanta, ba ta ko duban ƙasa."

"Ina katakon?"

Rami ba shi da ido, amma ya dube ni. Alhaji ma ya dube ni, da lauyoyinsa kaf.

Sai ga ni a ɗaki. Uwani tana goge kantar littattafan da na kafa ana gobe abin zai faru. Ta shafa ta da tafin hannu.

"Malam, wannan katako mai ƙwari ne. Ina ka samo shi?"

Na buɗe baki ke nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka wuyana a sage.

Ba wata doguwar magana ba ce. Cewa zan yi: Uwani, gobe in za ki shanya, ki zagaya. Na ɗauke katakon nan na kan ramin.