Uwa Ɗaya Uba Ɗaya

Ruwan shuka ya sauka ranar da aka ce Malam Isyaku ya koma asibiti a Kano a ɗebi jininsa. Ya tsaya a bakin zaure, sungumi a kafaɗa, yana kallon mutane suna ɗuruwa gonaki har hanyar Tsanyawa. Tun da aka gano masa ciwon daji a hanta yake ganin wannan ce damunarsa ta ƙarshe, kuma ya rantse da hannunsa zai binne irinta.

Ya kira ƙanensa Nababa, dillalin awaki, ƙato mai wuya kamar na bijimi, wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ya miƙa masa katin asibiti.

"Je ka ba su jini. In an kira Isyaku ka amsa."

"Yaya, ai naka suka ce."

"Nawa da naka wa ya raba? Uwa ɗaya uba ɗaya, nono ɗaya muka sha. Ɗan'uwa rabin jiki. Kai ko rami ba ka iya sarawa a miƙe ba, bare in bar maka gona."

Nababa ya yi dariya ya hau mota. A cunkoson ɗakin gwaji ba wanda ya dubi fuskarsa. Aka kira suna, ya miƙa hannu.

Kafin ranar jin sakamako gero ya kai gwiwa. Isyaku ya tara 'ya'yansa a tsakar gida, ya damƙa wa Nababa amanarsu, da gona, da tsohuwar da ta haife su su biyu. Washegari suka tafi tare, Nababa na riƙe da jakar yayansa kamar kullum, yana tare masa mutane a tasha.

Likita Khaulat, wadda ke duba shi tun farko, ta daɗe tana kallon na'urar gabanta.

"Baba, na gaya maka alama ɗaya ba ta isa mu san inda ciwo ya dosa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa muke haɗa abin da tsokar da muka yanko daga hantarka ta nuna da abin da jini ya nuna. To, naka sun ƙi haɗuwa."

"Faɗi kawai, Likita. Na riga na yi sallama da gida."

"Tsokar ta ce ciwonka mai tafiyar hawainiya ne. In aka yi aiki, da yardar Allah za ka ga damuna da yawa. Amma jinin ya ce wuta ce ke ci a hanta, ta yi nisa. Ban taɓa ganin jiki ɗaya ya yi baki biyu haka ba."

Isyaku ya gyara hula. "To ko don Nababa ne ya bayar? Ranar shuka ce, ban samu zuwa ba."

Likita ta ɗago kai a hankali.

"Wane ne Nababa?"

"Ga shi nan. Ai duk ɗaya ne."

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fara tsorata Isyaku. Ta tashi ta zagayo, ta wuce shi, ta tsaya gaban Nababa. Ta ja fatar idonsa ƙasa. Ta danna masa ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ƙaton ya yi 'yar ƙara.

"Tun yaushe?"

"Tun azumi," in ji Nababa, yana kallon ƙasa. "Na ɗauka gajiyar kasuwa ce. Kuma ga Yaya ba lafiya, wa zan gaya wa?"

"Innalillahi," in ji Isyaku. "Likita, shi fa lafiyarsa ƙalau. Dube shi! Ni ne mara lafiyar."

"Za mu sake gwada ku, kowa da sunansa. Yau, ba gobe ba."

Da suka fito, rana ta take. Nababa ya sunkuya zai ɗauki jaka, Isyaku ya riga shi.

"Yaya, kawo mana."

"Bari," in ji Isyaku.

Ya rataya ta a kafaɗa, ya shiga gaba yana tare wa ƙanensa mutane.