Kunnen Ƙungiya

A ƙungiyar masu sauraron faifai ta garin Duluth, ba a yanke wa na'urar kiɗa hukunci sai Leland Hauge ya zauna a kujerar tsakiya ya rufe ido. Kujera ce guda da ake ajiyewa daidai tsakanin lasifika biyu, sauran jama'a kuma su tsaya a baya riƙe da kofi, kowa ya yi tsit. In Leland ya buɗe ido ya ce na'urar nan muryarta a bushe take, to ta bushe ke nan, ko da kuɗinta ya kai na mota. An taɓa ganin ƙato da gemunsa ya mayar da sabuwar na'ura kanti saboda Leland ya ɗan yatsine fuska. Shi kuwa yana jin daɗin abin, ba ya ma ɓoyewa.

Abin da yake ɓoyewa daban ne. Tun bara likita ta gaya masa siraran sauti sun fara kufce masa, ta haɗa shi da 'yan na'urorin ji guda biyu da ake maƙalawa a bayan kunne. A gida yana sa su, don matarsa Maxine ta gaji da maimaita magana. Amma duk ranar da zai je wajen 'yan ƙungiya, yana kashe mota zai zare su ya jefa a aljihu. Ai kowa ya san dokar, ko da ba a taɓa rubuta ta ba: mai abu a kunne ba ya zama a tsakiya.

Amininsa Norbert Zalewski ya san wannan doka fiye da kowa, don shi ta fara ci. Ranar da ya zo taro da nasa na'urorin a kunne, da kansa ya ja kujera ya koma bango, yana dariya yana cewa ya yi ritaya. Tun daga nan ya koma ga aikin hannu. Hunturun bana kaf a ɗakin ƙasa na gidansa ya yi shi, ya farke wata tsohuwar na'urar faifai mai tsada yana sake mata kayan ciki, yana liƙi da dalma har yatsunsa suka yi kanta. Shi kaɗai yake zaune da karensa, don haka duk abin da ya canza sai ya kira Leland ya zo ya ji masa.

Wata Asabar da rana ya kira shi don ji na ƙarshe, kafin ya kai na'urar gaban ƙungiya.

“Zauna, mai kunnen zinariya,” in ji Norbert. “Yau kam ko ka yabe ta ko na hana ka kek.”

“Kek ɗin naka da ke karya haƙori? Sa mana faifan kawai.”

“Ka ga ko Biskit ya daina saukowa nan. Ina kunna ta sai ya haye sama yana kaɗa kunne.”

“Kare me ya sani a kiɗa? Bar shi, ɗan ƙauye ne.”

Suka yi dariya. Leland ya gyara zama ya rufe ido. Faifan na wata mai waƙa ne da fiyano, wanda ya saurara sau ba adadi tun kunnensa na da lafiya, ya san inda kowane abu yake. Abin da ya iso masa ranar kamar ana kiɗa a ɗakin maƙwabta ne an rufe ƙofa. Sauran kuwa ya cike da abin da yake tunawa. Da waƙar ta ƙare ya ɗan jinkirta, kamar yadda ya saba, don jinkirin nan shi ne rabin kwarjininsa.

“Norb, ka yi aiki,” ya ce. “Abin da ya fi burge ni shirun da ke bayan kiɗan. Babu ƙura ko kaɗan. Tsit.”

Norbert ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. “Ni dai ba na iya tantancewa yanzu,” ya ce. “Amma tunda ka faɗa, shi ke nan.”

Leland ya kauda kai. Ya ci kek ɗin duk da haka, har yanka biyu.

Taron wata-wata a zauren wata coci suke yin sa ranar Lahadi bayan an tashi daga ibada, don haya ba tsada. Norbert ya shigo da na'urarsa a naɗe cikin bargo, ya sa sabuwar riga, ya taje 'yar sumar da ta rage masa. Aka jona wayoyi, aka auna nisan kujera da igiya kamar kullum. Leland ya zauna, kunnuwansa fayau, ya rufe ido.

Waƙa ta farko ta ƙare. Norbert ya dakatar da faifan ya bar na'urar a kunne, ya juyo yana murmushi yana jiran yabo.  Can sai Janelle Tibbets, wadda ba ta daɗe da shiga ƙungiyar ba kuma ta fi kowa ƙuruciya a cikinsu, ta yi gyaran murya.

“Malam Norbert, ka yi haƙuri, amma akwai fito.”

“Fito?”

“Wani siririn fito, can sama. Tun da aka kunna yake yi. Har cikin haƙorina nake jin sa.”

Mutum biyu uku suka gyaɗa kai, wani ya sa yatsa a kunne yana sosawa. Murmushin Norbert bai gushe ba tukuna.

“Haba, ina fito? Leland ya saurare ta a gidana ba sau ɗaya ba. Shi ya ce tsit take. Ko ba haka ba, Lee?”

A nan fa ya kamata mutum ya tsaya. Da ya buɗe ido ya ce ban ji ba, da an ɗan yi shiru, an wuce wurin. Amma wanda ya shekara da shekaru ana jiran bakinsa ba ya iya cewa ban ji ba, harshensa ya manta yadda ake faɗa. Leland ya ƙara runtse ido, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar a yi shiru, ya karkata kai gefe.

“E, akwai shi,” ya ce a hankali. “Amma ba na'urar ba ce. Wutar ginin nan ce ba ta da tsabta, na sha faɗa muku. Firjin kicin ɗin cocin nan da fitilun nan duk layi ɗaya suke. A gidan Norbert babu wannan.”

Bayani ne irin wanda 'yan ƙungiya ke so, don a wajensu wutar lantarki ce ke ɗaukar laifin komai. Ya ji ana motsi a gaba, ya ɗauka ana duba fitilun ne, sai ya samu ƙarfin gwiwa ya zarce.

“Ku saurara da kyau. Ga shi nan, yana ɗan hawa yana sauka. Kun ji? Yanzu ma ya fi ƙarfi ta hagu.”

 Ya buɗe ido don ya ga yadda suka karɓi maganar.

Janelle na tsugune a jikin bango, filogin na'urar a hannunta. Ta zare shi ne tun yana maganar firji, don ta huta da ƙarar. Fitilar gaban na'urar a mace take. Ba ta ko kalle shi ba, ta zuba wa filogin ido kamar ita ce ta yi laifin, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan a ce dariya ta yi. Wani ya tafi zuba kofi a kofin da yake cike. Wani ya fara tambayar ko an ce za a yi dusar ƙanƙara gobe.

Kunya ta rufe Leland tun daga wuya har tsakar kai. Gumi ya karyo masa a zauren da kowa ke sanye da rigar sanyi. Ya so ya ce wasa yake, ya so ya ce kunnensa ne ke amsa kuwwa, amma ya san duk borin kunya ne, kuma sun sani. Ya tashi daga kujerar ya rasa inda zai tsaya, don bai taɓa tsayawa a baya ba.

Norbert ya fara haɗa kayansa. Ya kwance wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da na'urar cikin bargo. Leland ya bi shi waje ba tare da an kira shi ba. A filin ajiye motoci iskar tafkin garin na kaɗawa, Norbert ya tsaya a bayan motarsa da kayan a rungume.

“Tun yaushe?” in ji Norbert.

“Tun bara.”

“An ba ka na kunne?”

“Suna aljihuna.”

Norbert ya yi wata 'yar dariya ta hanci. “Fiton ba komai ba ne, yini guda zan gyara shi. Amma ka san kayan da na cire na zubar saboda ka ce ba su yi ba? Ashe duk hunturun nan kurame biyu ne a ɗakin ƙasa, ɗaya ne kawai ya faɗa.”

“Norb, na ji tsoro ne.”

“Ni ma na ji, lokacin nawa. Kai na fara gaya wa.”

Ya juya wa Leland baya, ya sunkuya wajen motar, ya faɗi wata magana da iska ta kwashe. Leland ya ga kafaɗarsa ta motsa, ya san magana ce, amma bai san ko zagi ba ne ko sallama. Kansa har ya fara gyaɗawa da kansa, yadda ya saba yi shekara guda. Ya tsayar da shi.

“Me ka ce? Ban ji ba.”

Norbert ya juyo ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya ɗaga murya, yana rarrabe kalmomin, yadda mutane ke yi masa shi ma.

“Na ce buɗe mini ƙofar, abin nan da nauyi.”