Takardar da Babu Ita

Ranar Talata da safe Lorna Dietz ta fito ɗaukar jarida, sai ta tarar an zana wani ƙaton gicciye da jan fenti a jikin bishiyar mapul da ke ƙofar gidanta. Kowa a garin Pell Creek ya san ma'anar wannan alama, masu zarto na nan tafe. Mahaifiyarta ce ta dasa bishiyar. Ita ke tare wa ɗakin girkinta rana duk bazara, kuma har yau akwai sawun igiyar lilon 'ya'yanta a babban reshen. Lorna ta lakato fentin da yatsa, ashe ko gama bushewa bai yi ba.

Ba ta tsaya sauya silifas ba, ta shiga mota sai ofishin hukumar gari.

Magatakardar ofishin, Gwen Sorlie, tana zaune bayan kanta tana gutsurar biredin kirfa. Lorna ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta kafin ta yi ritaya, Gwen kuwa tana cikin yaran da ta yi ta ɗauka, ita ce ma mai yawan amai a kujerar baya.

"Madam Dietz, barka da safiya. In zuba miki kofi?"

"Ba kofi ya kawo ni ba, 'yar nan. Wa ya ce a sare mini bishiya, kuma a kan me?"

"Wannan na sashen ayyuka ne, kuma shugabansu Russ ya fita gyaran kwalbati. Amma kina da ikon neman takardun hukuma." Ta turo mata fom da biro mai sarƙa.

Lorna ta rubuta da manyan baƙaƙe: DON ME ZA KU SARE BISHIYATA? Ta turo mata.

Gwen ta karanta, ta ɗan rausayar da kai. "Ai wannan tambaya ce."

"Na sani. Ni na rubuta ta."

"Doka ta ce mu nuna miki takarda idan kin nema. Ba ta ce mu amsa tambaya ba. Sai ki faɗi takardar da kike so."

"Wace takarda ke nan?"

"Wadda kike so."

"Gwen, ta yaya zan san sunan abin da ban taɓa gani ba?"

"Ni kuma ba ni da izinin zaɓar miki, Madam Dietz."

Lorna ta ja dogon numfashi. Ta soke abin da ta rubuta, ta sa: duk takardun da suka shafi bishiyoyi. Gwen ta ajiye biredinta, ta yi mata bayani a hankali cewa waɗannan sun cika rabin ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, tun na zamanin kakanni, kuma kafin a tattaro su sai bayan Kirsimeti. Saran bishiyoyi kuwa da zarar ganye ya gama zuba ake farawa. Lorna ta leƙa taga. Ganyen bakin titi duk ya yi ruwan ɗorawa.

"Da na san haka za ki zama," in ji ta, "da na bar ki a bakin hanya tun kina aji biyu."

Daga nan ta wuce shagon ƙaninta Hank, mai sayar da ƙusa da fenti. Shi ya taɓa yin doguwar rigima da hukuma a kan shingen bayan gidansa, don haka yana ganin kansa rabin lauya. Ya saurare ta yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ga sarƙa nan da kwado. Ki ɗaure kanki a jikinta, ni zan riƙa kawo miki miya."

"Hank, raina a ɓace yake."

"To ki daina yi musu tambaya, ba sa ji da wannan kunnen. Je ki ɗakin karatu ki duba dokokin gari, ki ga wace takarda ya kamata a ce sun rubuta kafin su taɓa bishiya. Ita za ki nema, da lambar gidanki a jiki. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya, musamman zagi."

Lorna ta wuni a ɗakin karatu, tabarau a kan hanci, tana bin dokar shara da ta karnuka da ta tsayin ciyawa, har wuyanta ya ƙage. Can ta iske abin da take nema. Ba a sare bishiyar bakin titi sai masanin itatuwa ya duba ta, ya rubuta rahoto cewa ta mutu ko tana da haɗari. Ta ɗauki hoton shafin, washegari ta koma wajen Gwen ta nemi wannan rahoton, na bishiyar da ke gaban gida mai lamba goma sha huɗu a layin Orchard. Gwen ta buga hatimi, ta ce za a amsa mata cikin lokacin da doka ta tanada.

"Wane lokaci ke nan?"

"Lokacin da ya dace."

Lorna ta fita ba sallama.

Ganye ya yi ta zuba. Kullum ta share, kullum ta ɗaga kai ta ga sama ta ƙara bayyana ta tsakanin rassa. Ta fara jin kukan zarto daga layin coci, sannan daga layin da ke bayan nasu. Mai kawo wasiƙa har ya fara sauri idan ya iso ƙofarta, don kullum sai ta tare shi da tambayar ko amsarta ta zo.

Da wasiƙar ta zo, layi biyu ne kacal. An bincika, ba a sami wata takarda da ta dace da buƙatarta ba. Ga hatimi, ga sa hannun Gwen.

Lorna ta dunƙule ta, ta jefa kujerar mota, ta tayar da injin. Ta riga ta shirya abin da za ta faɗa wa yarinyar nan, tun daga aman kujerar baya har zuwa yau. Duk wannan wahala, a ce mata babu? Sai da ta tsaya a fitilar ba da hannu kusa da gidan mai, tana buga sitiyari da yatsu, ta sake maimaita kalmar a ranta. Babu rahoto. Doka kuwa ta ce sai da rahoto. Na bayanta ya yi ta danna mata oda. Ta juya kan mota ta koma gida, ta shimfiɗa wasiƙar a kan teburin guga, ta bi ta da dutsen guga mai ɗumi har ta miƙe.

Ranar Litinin motar hukuma ta tsaya a ƙofarta ɗauke da masu zarto. Russ Tiedeman, shugaban sashen ayyuka, ya sauko da hular kwano da kofin kofi, ya tarar da ita tsaye a gindin bishiyar.

"Lorna, don Allah kada mu yi haka. Bishiyar nan ta tsufa."

"Kai ma ka tsufa, ba wanda ya shafa maka fenti. Wa ya duba ta?"

"Ni na duba ta."

"Daga ina?"

Ya sosa ƙeya. "Daga cikin mota. Ai ana gani."

"Ka rubuta?"

"Wa ke da lokacin rubutu?"

Ta miƙa masa shafin dokar, ta bari ya karanta, sannan ta miƙa masa wasiƙar. Ya daɗe yana kallon hatimin ofishinsu. Ya zaro waya ya koma gefe, ta ji yana cewa, "Gwen, ke kika sa hannu a wannan?" Daga nesa ma Lorna ta jiyo muryar Gwen tana cewa an nemi takarda ne, ta duba, babu, shi ke nan abin da ta rubuta.

Russ ya dawo, ya yi wa masu zarto alama su mayar da kayansu. Ya ce masanin itatuwa ba zai samu zuwa ba sai ganye ya sake fitowa, kuma duk abin da ya rubuta shi za a bi.

"Na yarda," in ji Lorna. "Ya zo ya sauko daga mota, ya taɓa ta da hannu. Zan kuma nemi rahoton, yanzu na san sunansa." Ta nuna jan gicciyen. "Wannan fa, wa zai goge?"

"Sai kin rubuta buƙata a ofis."

Lorna ta kalle shi har ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Ta shiga gida ta ɗauko bokiti da buroshi.